Abin da Ka Ajiye Sai Babbar Rana

Karatu: Fitowa 16:14-21, Markus 14:3-9

A birnin Sitirasbug na ƙasar Faransa akwai wani tsohon asibiti mai ɗakin ajiya a ƙarƙashin ƙasa. A cikin ɗakin akwai gangar katako mai ɗauke da ruwan inabi na shekarar 1472. Sau uku kacal aka ɗiba don karrama wani taro: a 1576 ga baƙin da suka zo daga Zurik, a 1718 lokacin sake gina asibitin bayan gobara, sai a 1944 ga Janar Leclerc, wanda ya ƙwato birnin daga hannun sojojin Jamus. Mutane da yawa sun kula da wannan ganga har suka tsufa suka mutu, ba su ga ranar buɗe ta ba.

Kada ka ce mai bishara ya koma tallar giya. Matsayinmu a kan abin sa maye yana nan yadda ka san shi, duba Afisawa 5:18. Tambayar da labarin ya bar mini ita ce: daidai ne mutum ya ɓoye mafi kyawun abin da yake da shi, yana jiran ranar da ta cancanta?

Akwai hikima a ciki, ban musa ba. Wanda ba ya iya ajiye komai, yau ya samu yau ya cinye, bai koyi kamun kai ba tukuna. Amma masu wannan sana'a sun san cewa yawancin ruwan inabi ba ya jure doguwar ajiya. Marfin kwalba ya bushe, iska ta shiga, abin ya koma tsami. Mai shi kuwa ba zai sani ba sai ranar biki, a gaban baƙi.

Isra'ilawa sun gamu da irin wannan a jeji. Waɗanda suka ƙi jin Musa suka ɓoye manna zuwa gobe, da safe suka tarar da tsutsa da wari. Ina ganin yawancin abin da muke ajiye wa juna manna ne, mu kuwa muna ɗaukarsa kamar gangar Sitirasbug. Kana riƙe da gafarar ƙaninka sai Kirsimeti. Godiyar da ta kamaci matarka tana jiran ku cika shekara ashirin da biyar da aure. Kiran da Ruhu Mai Tsarki ya sa a zuciyarka kuma sai yara sun gama makaranta.

Ka dubi matar nan ta Betanya. Man ƙanshinta ya fi dinari 300, kusan ladan lebura na shekara guda. Ta fasa tulun a wurin cin abinci a gidan Saminu kuturu, mutane suka yi gunaguni cewa ɓarna ce. Bayan 'yan kwanaki wasu mata suka jira Asabar ta wuce, suka sayi kayan ƙanshi, suka yi sammako zuwa kabari. Nufinsu mai kyau ne, amma ba su sami jikin da za su shafa wa ba.

Na taɓa jagorantar jana'izar wata uwa. Babban ɗanta ya tsaya kusa da akwatin ya yi jawabin da ya sa dukanmu hawaye. Da muka fito, ƙanwarsa ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Baba, Mama ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi daga bakinsa ba."