Fanka a Jikin Rediyon Gado

A Magarya da Dungas, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, tsohon rediyo mai kwalabe, irin wanda taransista ta kora bayan ƙirƙiro ta a 1947, zafin cikinsa ne ke cinye shi. Mai gyara yakan ce a huda akwatin, a sa fanka. Magaji yakan yi jinkiri: in an huda, shin abin da mahaifi ya bari ne har yanzu?

Jinkirin na da hujja, domin huda ba ta komawa, kuma fanka kan zuƙo ƙurar hunturu. Sai dai muryar rediyon ita ce amanar, kuma wanda aka lulluɓe da zane don gudun lahani ya riga ya yi shirun da ake tsoro. Gara a ɗaura fankar daga baya, kan ramukan iska na asali, yadda jika zai iya kwance ta.