Wurin Gado na Biyu

A shekarun nan wani marmari ya kama mutane da dama a Turai da Amurka: su bar birni da hayaniyarsa, su hau tsauni, su gina ɗan ƙaramin gida inda babu maƙwabci ko ɗaya. A Amurka, gidan da faɗinsa bai wuce murabba'in mita 37 ba shi ake kira ƙaramin gida, wato kwatankwacin ɗaki biyu madaidaita. Masu wannan ra'ayi sukan ce sun gaji da bashin gida da tarin kayan da ba sa amfani da su. Maganarsu tana da daɗin ji, har ta yi kama da abin da muke koya wa juna game da wadar zuci. Sai dai ya kamata mu tambaya, 'yan'uwa: wadar zuci ce da gaske, ko kuwa gudun mutane ne ya ari rigarta?

Bari mu fara ba su gaskiyarsu. Sanyin tsauni ba ya karɓar fahariya. Duk mita dubu da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kusan digiri shida da rabi. A can, kowane ɗakin da ka gina sai ka ɗumama shi, kowane dare, har hunturu ya wuce. Ɗumi kuwa yana gudu ta bango da rufi da daɓe da taga, saboda haka maginin kirki yakan dunƙule gidan wuri ɗaya, ya cusa gashin tumaki ko makamancinsa a cikin bango, ya fuskantar da babbar taga kudu domin ta sha ranar hunturu wadda take tafiya ƙasa-ƙasa. Yakan yi ɗan zaure mai ƙofa biyu, domin kada sanyi ya bi mai shigowa har ɗaka. Rufin kuma, ko dai ya yi tsini dusar ƙanƙara ta zame, ko ya yi ƙarfin ɗaukar nauyinta. Bututun ruwan da aka bari a waje zai fashe, gama ruwa yakan kumbura in ya daskare. Wanda yake gini a irin wannan wuri dole ya faɗa wa kansa gaskiya game da abin da yake bukata. Mu da muke ƙasa mai zafi muna iya gina falon da ba a zama a ciki sai ranar biki, ba abin da zai tuhume mu. Shi kuwa itacen wuta ne yake yi masa hisabi kowace safiya.

Akwai kuma wani abu da masu ginin suka sani. Gidan da aka toshe ko'ina domin kada ɗumi ya fita yana iya kashe mai shi. Murhu yana cin iskar ɗaki, kuma in wutar ba ta ci sosai ba takan fitar da wata iska mai guba, marar wari, marar launi. Mun san wannan a lokacin hunturunmu, sa'ad da wani ya kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki bai tashi ba. Ɗaki ƙarami ya fi saurin cika da ita. Don haka tilas a bar wa iska hanya, ko da yake ta wannan hanyar ce wani ɗumin zai tsere. Mai gidan yana biyan wannan asara da saninsa, domin ya rayu.

Waɗanda suka riga kowa gwada irin wannan zama sun daɗe da gane cewa haka rai ma yake. A shekara ta 1084, wani malami mai suna Buruno ya shiga tsaunukan Shartares, kusa da birnin Girenobul a Faransa, tare da abokai shida, suna neman wurin kaɗaici domin addu'a. Tsarin da ya fito daga wurinsu abin lura ne. Kowane mai zuhudu yana da ɗan gidansa, da murhun itace, da wurin aikin hannu, da ɗan lambu, da wata 'yar kafa a bango inda ake miƙo masa abinci. Amma gidajen a jere suke, an haɗa su da rufaffiyar hanya wadda take kaiwa ɗakin sujada. Da tsakar dare sukan fito su yi addu'a tare, ranar Lahadi su ci abinci tare. A 1132 dusar ƙanƙara ta zafto daga tsauni ta binne gidajen, mutum bakwai suka mutu. Waɗanda suka ragu suka sauko ƙasa kaɗan a cikin kwarin suka sāke gini, a jere kamar dā. Mutanen da suka fi kowa son kaɗaici ba su yarda ɗayansu ya yi nisa da ƙofar ɗan'uwansa ba. Kakanninmu ma sun ce gida biyu maganin gobara.

Ba ina cewa janyewa daga mutane zunubi ba ne. Ubangijinmu kansa yakan hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. Akwai ran da ya gaji da gaske, wanda shiru ne maganinsa, kuma ikkilisiyar da take zargin irin wannan mutum da girmankai ba ta yi masa adalci ba. Abin da nake tsoro shi ne zanen gidan da aka auna shi daidai jikin mutum ɗaya, kujera ɗaya, kwano ɗaya, har ba a bar inda baƙo zai shimfiɗa haƙarƙarinsa ba, sa'an nan a kira wannan sauƙin kai. Mai rowa ma yana iya zama a ɗaki ɗaya. A littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, matar nan ta Shunem ta gina ɗan ɗaki a kan soro, ta sa gado da tebur da kujera da fitila. Da wuya a sami ɗaki mai ƙarancin kaya kamarsa, amma an gina shi domin wani ne, domin Elisha mai wucewa.

Gado na biyu yana da tsada a kan tsauni, kada mu ruɗi kanmu. Yana cin wajen murabba'in mita biyu a gidan da kowane taƙi yake da aiki. Sai an ɗumama wurin duk tsawon hunturu, an tanadi ƙarin bargo da ƙarin hatsi, alhali mai yiwuwa ne ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa har ƙanƙara ta narke. Mai lissafi zai ce ɓarna ce, kuma a lissafin itace da gaskiyarsa. Duk da haka, in aka ba ni zane biyu, wanda ya ɓata wannan wurin nake ganin ya fi fahimtar abin da ake nufi da gida.

A kan iyakar Suwizalan da Italiya akwai wata mashigar tsauni mai tsawon mita 2,469, inda wajen shekara ta 1050 wani bawan Allah mai suna Barnad ya kafa masauki domin matafiyan da sanyi yake kashewa a hanya. Har yau mashigar tana ɗauke da sunansa. Tun 1964 aka buɗe hanyar mota da aka haƙa ta cikin dutsen, matafiya suka daina dogara ga masaukin. Hanyar sama takan rufu da ƙanƙara fiye da rabin shekara. 'Yan'uwan da suke zaune a can ba su sauko ba. Suna hura wuta, suna gyara gadaje, suna karɓar waɗanda suka hauro da ƙafa a cikin dusar ƙanƙara.