Canjin Kuɗi da Haƙƙin Baƙo

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya yi niyyar aikin Hajji ko fatauci a wata ƙasa, tilas ne ya bi ta hannun ɗan canji, ko a Wapa ta Kano ko a Jidda. Tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan baƙo bai san farashi ba, ya halatta a canza masa yadda aka ga dama, tun da dai ya yarda?

Da farko, canji halal ne. Hadisin Ubadatu ɗan Samit, wanda Muslim ya ruwaito, ya nuna cewa idan jinsi ya saɓa, kamar zinariya da azurfa, ana iya sayarwa yadda aka daidaita, muddin hannu da hannu ne. A shekarar 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta tabbatar da cewa kuɗin takarda hukuncinsu ɗaya da zinariya da azurfa. Saboda haka wanda ya sayar da naira yau, a kan sai bayan mako zai karɓi riyal, ya faɗa cikin haramtacciyar riba ta jinkiri.

To, amma cika wannan sharaɗi bai wanke kowa ba. Tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 take. Ga tsohuwa daga ƙauye ta miƙa dala 100, aka ƙirga mata riyal 300 maimakon kusan 375, ta yi godiya ta tafi. An yi hannu da hannu, ta kuma yarda. Sai dai yardar da aka gina a kan rashin sani ba yarda ba ce. Don haka ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tari ayari kafin ya shiga kasuwa, ya kuma ba mai kaya zaɓin warware ciniki idan ya iso. Malaman Malikiyya ma sun ba da wannan zaɓi ga wanda ya sallama wa ɗan kasuwa, ya ce a yi masa yadda ake yi wa kowa, sa'an nan aka cuce shi.

Wani zai ce, ai ɗan canji don samu ya fito. Gaskiya ne, ladan wahalarsa halal ne. Ma'auni kuwa ɗaya ne: samun da za ka iya faɗa wa baƙo a fili ba tare da jin kunya ba, naka ne, wanda sai ka ɓoye farashi kake samunsa, haƙƙinsa ne, kuma za a tambaye ka. Allah Ya tsarkake mana abincinmu, amin.