Kalmar Kishi A Bakin Masu Ba Da Labari

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata kalma wadda da wuya ku buɗe jarida ba ku gamu da ita ba, watau kishi. Abin da mu ke so mu duba shi ne, shin ya kamata mai rubuta labari ya shaidi mutum da kishi?

Asalin kalman nan a cikin gida ta ke. Daga gare ta aka sami kishiya, Hausawa kuwa suka ce kishi kumallon mata. A nan ba yabo ba ne. Amma da aka fito da ita waje, aka jingina ta ga ƙasa ko addini, sai ta zama rigar girma. Abin da ya gama su shi ne mutum ya so abu har ya kasa jure ganin an taɓa shi.

An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. Ba a daɗe ba zamanin jam'iyyu ya zo, aka kafa NEPU a Kano cikin 1950, aka sami mulkin kai cikin 1960. Tun daga lokacin nan kowace jam'iyya jawo kishin ƙasa ta ke yi wajen kanta, kamar mayafi a daren hunturu.

To, ga inda wuyar ta ke. Mai ɗauko labari yana iya ganin wane ya haƙa rijiya, ko ya yi lacca a bakin kasuwa. Kishi kuwa a zuci ya ke, zuciya ko ba ta da taga. Mutum biyu su kan faɗi magana ɗaya, wannan don ƙasa, wancan don kujera. In ka rubuta cewa ɗayansu mai kishi ne, ka ba da shaida a kan abin da idonka bai gani ba.

Wanda ya fi wannan nauyi ma yana nan. Bayan tarzomar Maiduguri ta 2009, an sha jin masu ba da labari suna kiran waɗansu masu kisan jama'a "masu kaifin kishin addini". Nufinsu su fassara wata kalmar zargi ta Turanci, amma kunnen Bahaushe yabo ya ke ji, domin kaifi abin so ne ga wuƙa da basira, kishin addini kuwa kowane uba yana roƙa wa ɗansa. Ran Jumma'a, 28 ga Nuwamba 2014, aka kai hari babban masallacin Kano, mutum fiye da 100 suka rasu. Shin wa ya fi cancantar sunan nan, wanda ya zo da bam, ko wanda ya zo da buzun salla?

Wani ya ce, ai mai jarida ba alƙali ba ne, in ya ce 'yan ta'adda ya yanke hukunci. Wannan magana tana da ƙarfi. Amma wanda ya ce masu kishi shi ma ya yanke, sai dai ga mai laifi ya ba da gaskiya. Da ya ambaci sunan ƙungiyar, ya faɗi inda ta je, da abin da ta aikata, da yawan waɗanda aka binne, da ya tsaya a kan abin da ya sani.