Shiga da Sauƙi, Fita da Wuya: Shin Kowane Sa Hannu Alkawari Ne?

Gabatarwa

Bahaushe ya ce alkawari kaya ne. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya ji wannan magana tun yana ƙarami, ya kuma san cewa mutumin da ba ya riƙe alkawari ba shi da daraja a zaure, balle a kasuwa. To amma kaya iri-iri ne. Akwai wanda mutum ya duba, ya jinjina, ya ga zai iya, sannan ya ce a aza masa. Akwai kuma wanda aka ƙunshe a tsumma aka ce masa auduga ce, sai da tafiya ta yi nisa wuyansa ya gaya masa duwatsu ne. Tambayar da wannan maƙala za ta bi diddiginta ita ce: shin wajibin da ke kan mai ɗauke da kaya na biyu daidai yake da na mai ɗauke da na farko?

Abin da ya jawo tambayar shi ne rigingimun da aka daɗe ana yi a Turai da Amurka tsakanin gidajen motsa jiki da mambobinsu. Mutum zai je irin wannan gida, a zagaya da shi ya ga na'urorin gudu da ƙarafan ɗagawa, ya sa hannu a takarda, ya ba da izinin a riƙa cire kuɗi daga asusunsa na banki kowane wata. Sai ranar da ya nemi dainawa ne zai san abin da ya sa wa hannu. Mai karatu na iya cewa wannan ai damuwar masu ƙoshi ce. Sai dai gidajen motsa jiki sun yawaita a Legas da Abuja, kuma irin takardar tasu ce muke amincewa da ita kullum a wayoyinmu ba tare da mun karanta ba.

Yadda Tarkon Yake

A shekarar 2011 Babbar Kotun Ingila ta saurari ƙarar da hukumar kula da adalcin ciniki ta ƙasar ta shigar a kan wani kamfani mai suna Ashbourne. Aikin kamfanin shi ne tsara wa gidajen motsa jiki takardun yarjejeniya da karɓar musu kuɗi, kuma gidajen da yake yi wa aiki sun haura 700. Takardunsa sukan ɗaure mamba na wata 12 ko 24 ko 36. Wanda ya nemi fita kafin cikar wa'adi sai a ce ya biya kuɗin sauran watannin. In ya ƙi, a yi masa barazanar kai sunansa ga kamfanonin da ke ajiye sunayen masu taurin bashi, abin da kan toshe wa mutum hanyar samun rance. Alƙali Kitchin ya yanke cewa ɗaurin da ya wuce shekara guda rashin adalci ne, haka ma na shekara guda idan ba a bar wa wanda lalura ta sama isasshiyar kafar fita ba. Abin da ya fi jan hankalina a hukuncin shi ne dalilinsa. Alƙalin ya lura cewa an gina sana'ar ne a kan sanin cewa yawancin mutane kan yi wa kansu kyakkyawan zato ranar rajista, su daina zuwa bayan 'yan watanni. Ya kira tsarin da sunan tarko.

Wannan zato na alƙali yana da madogara. A 2006 wasu masana tattalin arziki biyu, DellaVigna da Malmendier, sun buga sakamakon nazarin da suka yi a kan mambobi fiye da 7,000 na gidajen motsa jiki uku a Amurka. Sun gano cewa masu biyan sama da dala 70 a wata sukan je kimanin sau huɗu ne kawai a watan, wato kowane zuwa ya tasam musu a kan fiye da dala 17, alhali da tikitin shiga suka saya, dala 10 za su biya. Har ila yau, tsakanin zuwan mutum na ƙarshe da ranar da ya soke rajista akan sami fiye da wata biyu, kuɗi kuwa suna ta fita.

Daɗin daɗawa, akwai ƙuntata ƙofar fita da gangan. A watan Oktoba na 2024 hukumar ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa ƙa'idar cewa dole fita ta zama da sauƙi kamar shiga, amma a Yulin 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar saboda kuskuren da aka yi wajen bin matakan kafa ta. A Agustan 2025 hukumar ta kai masu gidajen LA Fitness kotu, tana zarginsu da tilasta wa mai son fita ya je da ƙafarsa ko ya aika da wasiƙa ta gidan waya. Ɗalibin adabi kuma zai so ya ji cewa a ƙarar da hukumar ta shigar a kan Amazon a 2023, ta ce ma'aikatan kamfanin da kansu sun raɗa wa hanyar soke rajistar Prime suna "Iliad", wato sunan doguwar waƙar nan ta Homer mai ba da labarin yaƙin Taroy. A Satumbar 2025 kamfanin ya yarda ya biya dala biliyan 2.5, ba tare da ya amsa laifi ba. Wanda ya sa wa ƙofar gidansa sunan yaƙi, ai ya san abin da ya gina.

Hujjar Mai Gida

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsa ba ta wasa ba ce. Mai gidan motsa jiki zai ce: "Na ci bashi na sayi na'urori, na kama haya, na ɗauki ma'aikata, duk bisa lissafin kuɗin da aka yi mini alkawari. Na rage wa wannan mutum farashi ne saboda ya ce zai daɗe. Ban kama hannunsa ba, ban kuma hana shi karatu ba. In ƙyuya ta hana shi zuwa, laifina ne?"

Dokar Ingila ta daɗe tana goyon bayan wannan magana. A 1934 wata mai gidan shayi a garin Llandudno, mai suna L'Estrange, ta sayi na'urar sayar da sigari, ta sa hannu a takarda ba ta karanta ba. Na'urar ta ƙi aiki. Da aka je kotu sai aka nuna mata wani sharaɗi cikin ƙananan rubutu da ya wanke kamfanin daga kowane alhaki, kotu kuma ta ce wanda ya sa hannu ya ɗauru, ya karanta ko bai karanta ba, matuƙar ba a yaudare shi ba. Haka kuma a 2016 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke wa wani soja da aka sauya wa wurin aiki zuwa wani gari hukuncin cewa ƙaura ba ta isa dalilin warware yarjejeniyarsa da gidan motsa jiki ba, domin ƙaurar lamarinsa ce, mai gida ba shi da hannu a ciki.

A bayan waɗannan hukunce-hukunce akwai wata gaskiya ta ɗabi'a. Ikon ɗaure kai yana daga cikin abubuwan da suka bambanta baligi da yaro. Idan kowa zai iya kwance alkawarinsa ranar da ya yi masa nauyi, ba wanda zai ƙara ba da bashi ko ya gina wani abu bisa maganar wani. Wasu ma sukan zaɓi doguwar rajista ne da sani, don kuɗin da suka zuba su riƙa tashinsu daga gado. Wanda ya ce a kuɓutar da kowa daga sa hannunsa, a fakaice yana cewa ne mutane ba su san ciwon kansu ba.

Ina Yarda Take?

Duk da haka, ina ganin hujjar mai gida ta tsallake wani mataki. Abin da ke sa alkawari ya zama kaya shi ne yarda, sa hannu kuwa shaidar yarda ce kawai, kuma shaida takan yi ƙarya. A dubi yadda ciniki yake a kasuwar Bahaushe. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a rage, har a kai inda zai ce ya sallama. Kowace kalma ta cinikin ta bi ta bakin mutum biyu da kunnuwansu. Takardar gidan motsa jiki kuwa lauyan ɓangare ɗaya ne ya zauna ya rubuta ta a natse, aka miƙa wa ɗaya ɓangaren a tsaye, cikin kiɗa da fara'ar mai talla, ba shi da ikon sauya ko da wasali. Wani masanin shari'a na Faransa, Saleilles, ya ba irin wannan yarjejeniya suna na musamman tun a 1901, shi kuma Abdurrazaƙ Sanhuri na Masar ya kira ta da Larabci "aƙadul iz'ani", wato yarjejeniyar miƙa wuya. Dokar mu'amala ta Masar ta 1948, wadda Sanhuri ya jagoranci tsara ta, ta ba alƙali iko a sashe na 149 ya gyara sharaɗin zalunci a irin wannan takarda, ko ya sauke wa mai rauni shi baki ɗaya.

Wannan ba baƙon tunani ba ne ga Musulmi. Suratul Ma'ida ta buɗe da umarnin cika yarjejeniyoyi, amma aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta ɗora halaccin ciniki a kan yardar juna. Labarin Barira ma ya isa misali. Nana A'isha ta so ta saye ta ta 'yanta ta, sai iyayengijinta suka gindaya sharaɗin cewa wala'inta zai zauna a hannunsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar da cinikin ya rushe sharaɗin. Abin lura a nan shi ne ba a ce ko dai a karɓi takarda duka ko a yage ta duka ba. An tsame ruɓaɓɓen sharaɗi an bar sauran, wanda kuma shi ne tafarkin da dokokin kare masu saye na Turai suke bi a yau. Bugu da ƙari, malaman Hanafiyya sun tafi a kan cewa uzuri mai ƙarfi yana warware yarjejeniyar haya, sannan shari'a ta kwaɗaitar da mai kaya ya karɓi iƙala, wato ya yarda a warware ciniki idan abokin cinikinsa ya yi nadama.

Ma'auni

To yaya za a bambance sharaɗin da ya zama kaya da wanda ya zama tarko? Lauyan da ya tsaya wa kamfanin da ya kayar da L'Estrange a 1934 shi ne Denning, wanda daga baya ya zama mashahurin alƙali. A wata shari'a ta 1956 shi da kansa ya nuna cewa akwai sharuɗɗan da saboda tsananinsu, sai an buga su da jan tawada an kuma zana jan hannu yana nuna su, kafin a ce an sanar da mutum. Ni kuwa sai in sauƙaƙa ma'aunin in ce: shin mai gida zai iya faɗin sharaɗin da bakinsa, a gaban mai saye, kafin a sa hannu? Zai iya cewa, "Farashin wata ya ragu saboda ka ɗauki shekara guda, in ka fasa za ka biya bambancin." Wannan magana ce da ake faɗa ido da ido, kuma wanda ya ji ya yarda ya ɗauki kaya. Amma ba zai iya cewa, "Na san ba za ka wuce wata uku ba, shi ya sa na ɗaure ka shekara uku, na kuma ɓoye maka ƙofa." Sharaɗin da ba ya rayuwa sai a ɓoye, mai shi ya riga ya san ba za a yarda da shi ba. Ta yaya kuma zai dawo ya kafa hujja da yardar da ya san babu ita?

Ma'auni na biyu shi ne a tambayi inda riba take fitowa. Ribar da ta fito daga amfanin da mamba ya samu halal ce. Wadda ta fito daga mantuwarsa, ko ciwonsa, ko gajiyarsa da zirga-zirgar neman fita, kuɗi ne da aka karɓa ba a ba da komai ba. Da wannan ma'auni ne kotun nan ta Jamus, wadda ta kayar da soja a 2016, ta yanke a 2022 cewa dole gidan motsa jiki ya mayar da kuɗin watannin da ya kasance a rufe lokacin annobar korona. A shekarar ce kuma dokar ƙasar ta wajabta wa masu ƙulla irin wannan yarjejeniya ta intanet su sanya maɓallin sokewa a fili. Babu saɓani tsakanin hukuncin biyu: a na farko ƙofar gida tana buɗe mamba ne ya yi nisa, a na biyu kuwa ba a ba shi abin da ya biya ba.

Wannan ma'auni bai wanke mamba ba. Wanda aka gaya wa gaskiya ƙarara, ya ci moriyar rangwame, sannan ya ƙirƙiro ciwon ƙarya don ya tsere, shi ma ya ci amana. Ƙyuya ba uzuri ba ce.

Kammalawa

A Nijeriya, dokar gasa da kare masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta haramta sharuɗɗan da ba na adalci ba. Sai dai mutum nawa ne zai shiga kotu saboda kuɗin wata biyar? Masu rubuta takardun sun san da haka, shi ya sa al'amarin ya fi zama na imani da kunya a kan na doka. Daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe za su zauna a ofis, a ce su tsara takardar da dubban mutane za su sa wa hannu ba su karanta ba. Shawarata ga irin wannan ɗalibi ita ce, duk layin da ya rubuta, ya ƙaddara mahaifiyarsa ce zaune a gabansa yana karanta mata shi da Hausa. Layin da harshensa ya yi nauyi a kansa, ya goge shi. Mu kuma masu sa hannu, mu riƙa neman a nuna mana ƙofar fita tun muna bakin ta shiga, in kuma mun gani mun yarda, mu cika. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.