Shin Wasa da Yara Ɓata Lokaci Ne?

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa an daɗe da raba aikin renon yara gida biyu, kuma rabon ya zauna daram har ba a cika tambayar dalilinsa ba. Uwa ce ke goyo, ita ke wanka da lallashi da tashin dare, ita ta san ranar da haƙori ya tsiro da ranar da aka fara tatata. Uba kuwa nasa shi ne cefane, ragon suna, kuɗin makaranta da kayan sallah, sai tsawa idan an kawo masa ƙara. Ya fita da sassafe, ya dawo ya ci tuwo, ya wuce majalisa, in ya shigo bayan isha'i ya tarar yara sun yi barci. Irin wannan magidanci ba mugu ba ne, sau da yawa ma mai tsoron Allah ne wanda ba ya rasa sahun farko. Amma a ce masa ya zauna a tabarma ɗansa ɗan shekara uku ya hau bayansa ya mai da shi doki, ko ya ware yammacin Juma'a ya fita da iyalinsa shan iska, sai ya ga kamar an kira shi zuwa ga shiririta. A lissafinsa lokaci mai daraja iri biyu ne, na neman halal da na ibada, saura kuwa asara ce. Ni ina ganin addini bai goyi bayan wannan lissafi ba. Zaman da uba ke yi da ƙananan 'ya'yansa, har da wasan da dariyar, yana cikin amanar da za a tambaye shi, kuma yana cikin abin da ake neman lada da shi.

Hujja ta farko tana cikin salla kanta, wurin da kowa ya yarda ba a wasa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ƙatada cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya sauke ta, in ya miƙe ya sake ɗaukar ta. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu. An ruwaito daga Malik cewa a nafila abin ya faru, wasu kuma suka ce larura ce ta rashin mai riƙe yarinyar, amma Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya ƙi karɓar waɗannan fassarori, domin a ruwayar Muslim an bayyana cewa limanci yake yi wa jama'a a lokacin. Ko ma wace fahimta mutum ya ɗauka ta fuskar fiƙihu, akwai abin da saɓanin bai taɓa ba: yarinya ƙarama ta saba da kafaɗar kakanta har ba ta jin tsoron hawa a gaban sahabbai. Irin wannan sabo ba a rana ɗaya ake gina shi ba. Nasa'i ma ya kawo labarin sujadar da ta yi tsawo har mutane suka zaci wani abu ya faru ko wahayi ne ke sauka, ashe ɗaya daga cikin jikokinsa, Hasan ko Husaini, ne ya hau bayansa, shi kuma bai so ya katse masa jin daɗinsa ba. Ga kuma abin da Bukhari ya ruwaito, cewa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan jariri ya taƙaita saboda sanin halin da zuciyar uwar ke ciki. A nan ibadar jama'a guda ce aka daidaita da buƙatar yaro.

Wani zai ce ai waɗannan yara ne suka zo suka same shi, shi kuma ya yi haƙuri da su. To akwai inda shi ne ya tashi ya je. Anas ɗan Malik, wanda ya yi masa hidima shekara 10, ya ba da labarin ɗansa Ibrahim lokacin da ake shayar da shi a wata unguwa ta gefen Madina, a gidan wani maƙeri mai suna Abu Saifu. Manzon Allah yakan taka har can tare da sahabbansa, ya shiga gidan alhali hayaƙin maƙera ya turnuƙe shi, ya ɗauki jaririn ya sumbace shi, sannan ya komo. Jariri mai shan nono bai san wanda ya zo ba, ba zai riƙe wata nasiha ba, kuma ba a rasa mai kula da shi ba. Duk da haka mutumin da ke ɗauke da nauyin al'umma ya ga tafiyar ta cancanci lokacinsa. Haka kuma labarin Abu Umairu, ƙanen Anas, wanda ke da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah ya lura da fuskarsa, ya tambayi abin da ya faru, ya riƙa tsokanarsa cikin raha yana tambayar labarin tsuntsun. Malamai ba su ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Ibnu Hajar ya ambata a Fathul Bari cewa wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idoji wajen 60 daga wannan hadisi guda. Ni wadda ta fi tsaya mini ita ce mafi sauƙinsu, wato babba ya san abin wasan yaro, ya san ya mutu, kuma ya ɗauki baƙin cikin yaron a matsayin baƙin ciki na gaske.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi daga Alƙur'ani take fitowa, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Suratul Hadid, aya ta 20, ta siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala da ado da gasar tara dukiya da 'ya'ya. Suratut Tagabun, aya ta 15, ta kira dukiya da 'ya'ya jarrabawa. Mai tsoron Allah yana iya karanta waɗannan ya ce mafi aminci shi ne ya rage shaƙuwa da yara kada su janye zuciyarsa. Wannan tsoro ya taɓa kama sahabi Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah, har ya zargi kansa da munafunci. Dalilinsa shi ne a majalisar Annabi yakan ji kamar yana ganin wuta da aljanna ido da ido, amma da ya koma gida ya cuɗanya da mata da 'ya'ya da gonaki sai ya manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka, suka tafi tare suka kai kukansu. Amsar da suka samu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ita ce ba a halicci ɗan Adam don ya dawwama a wancan hali ba, kowane abu da lokacinsa. Game da ayar jarrabawa kuwa, muna da yadda wanda aka saukar masa da ita ya yi aiki da ita. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito cewa yana cikin huɗuba sai Hasan da Husaini suka shigo sanye da jajayen riguna suna tafiya suna tuntuɓe, ya sauko daga mumbari ya ɗauke su, ya karanta wannan aya, sannan ya ci gaba. Da ayar nisantar yara take nufi, da bai sauko ba. Abin da ayoyin ke gargaɗi a kai shi ne uban da zai ci haram ko ya bar salla saboda 'ya'yansa, ko ya mai da yawansu abin alfahari, kuma ana samun wannan sosai har a cikin iyayen da ba su taɓa zama da yaransu na sa'a guda ba.

Za a iya cewa hadisin Hanzala rangwame kawai ya bayar, bai ce wasan lada ne ba. Haka ne, amma wasu nassosin sun wuce rangwame. Da Salmanul Farisi ya tarar da Abud Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da gidansa, sai ya tunatar da shi cewa iyalinsa suna da haƙƙi a kansa kamar yadda Ubangijinsa ke da shi, kuma Manzon Allah ya gaskata Salmanu. Shi haƙƙi bashi ne, ba a biyan sa sai da abin da mai haƙƙin ke buƙata, yaro ɗan shekara biyu kuwa ba ya gane buhun shinkafa a matsayin ƙauna, fuska da hannu da murya yake ganewa. Sa'annan ga Al-Aƙra'u ɗan Habis, babba a ƙabilar Tamim, wanda ya ga Manzon Allah yana sumbatar Hasan ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ta haɗa jinƙan da mutum ke yi wa wasu da jinƙan da shi ma yake fatan samu. Ba a tuhume shi da barin su da yunwa ba, ƙeƙashewar zuciya aka nuna masa.

Suka ta biyu daga al'adarmu take, kuma ina girmama ta. Bahaushe yana da kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna masa so a bainar jama'a, sau da yawa ma kakanni ko gwaggo ke riƙe shi. Ana kuma tsoron cewa uban da ya cika wasa da yara zai zubar da kwarjininsa, su raina shi. Kunya abu ce mai kyau, kuma a da tana da abin da ke cike giɓinta. A babban gida na gandu yaron da ubansa ke kawar da kai gare shi yana da kaka mai wasa da shi, da kawu, da baffa, da tsohuwa mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan an ci tuwon dare, ga dandali da hasken farin wata. Yau ma'aurata da yawa a Kano da Kaduna da Maraɗi suna zaune a gidan haya, ɗaki biyu, nesa da dangi. In uba ya riƙe tsohuwar kunya a irin wannan gida, babu kakan da zai maye gurbinsa, sai wayar hannu. Batun raini kuma, ba a taɓa samun wanda sahabbai suka fi ganin kwarjininsa kamar wanda jikokinsa ke hawa bayansa ba. Tsoro yana sa yaro ya yi tsit in ya ji sallamar uba a zaure, amma kuma yana koya masa ɓoye abu, kuma ranar da ya kai shekara 15 ya shiga matsala ba zai kai ta wurin mutumin da bai taɓa yin hira da shi ba. Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, muna nufin horo, amma mai tanƙwara icce dole hannunsa ya kasance a jikin iccen. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a Ihya'u cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa ya dusashe basirarsa, har ya fara neman dabarar guduwa.

Akwai kuma mai cewa wannan zancen masu hali ne, talaka da ke fafutukar abin sawa a baka ina ya ga kuɗin fita. Gaskiya ne kuɗin mota da na shiga wurin shaƙatawa sun fi ƙarfin mutane da yawa, kuma wanda aiki ya raba shi da gida yana da uzuri da lada. Sai dai a duk misalan da suka gabata babu inda aka kashe ko kwabo. Yarinya ta goya 'yar tsanar kara da tsumma tana jijjiga ta, yaro ya haɗa mota da gwangwani da murafen kwalba yana ja da zare, abin da suke nema shi ne baba ya tsuguna ya tambayi sunan jaririyar, ko ya gyara tayar da ta fita. Wannan bai kai tsawon shan shayi ɗaya a majalisa ba.

Saura masu ƙin fita saboda cakuɗuwar maza da mata da kaɗe-kaɗe a wuraren taro. Damuwarsu tana da tushe, kuma uba yana da ikon zaɓen wuri da lokaci. Amma fita kallo da iyali tana da asali: ranar idi Habashawa suna wasa da masu a masallacin Madina, Manzon Allah ya tsaya ya kare Nana A'isha tana kallo ta bayansa har sai da ita da kanta ta gaji. Kuma ƙin fitar uba ba ya hana yaran fita. Duk wanda ya je Gidan Zoo na Audu Bako a Kano ranar yawon sallah, ko ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ga ayarin ƙananan yara cikin sababbin kaya, babbarsu ba ta wuce shekara 12 ba, tana riƙe da hannun ƙannenta a tsakiyar turmutsutsu da dawakai da A Daidaita Sahu. A irin waɗannan ranaku ne ake yawan cigiyar yaran da suka ɓata a gidajen rediyo. A cikin taron nan kuma akan ga wani magidanci ya ɗora ɗansa a wuya don ya hango 'yan bindiga da 'yan lifida, yana nuna masa hakimai ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san lokacin da ya kamata su bar wurin su nemi masallaci kafin magariba.