Aljani, Fatalwa da Maye a Littattafan Matasa

Kafin yaron garin Malam Madori ya iya haɗa baƙi, ya riga ya san inda ba a zuwa. Ba a zama gindin tsamiya da tsakar rana. Ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. In damina ta yi nisa, kogin Haɗejia ya tumbatsa ya malale fadamu, sai a ja masa kunne cewa gurbi mai zurfi yana da masu shi. Da wannan guzuri yake buɗe labarin aljanu, ko a takarda ko a waya. Shi ya sa damuwar iyaye da malamai kan irin waɗannan littattafai ta fi nauyi a nan fiye da Ingila, inda mai karanta Harry Potter ya san wasa ake yi. A wurin Musulmi aljani halitta ce ta Allah, har sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi.

Abin kuma ba yau ya fara ba. An kammala layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya raya Malam Madori da cinikin gyaɗa, a 1930. Bayan shekara uku wani Bature, Rupert East, ya shirya gasar da ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na boko, kuma tun a zubin farko aljanu suka shigo. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sai da taimakonsu jarumin, Alhaji, ya kai ga ruwan da ya fita nema. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin ya gwabza da Turawa, sannan labarin ya wuce da shi duniyar aljanu. Ɗan Haɗejia, garin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun sojojin Turawa a 1906, zai gane dalilin da ya sa marubuci ya nema wa jarumi wani fagen da bindiga ba ta da iko. Waɗannan littattafai a aji aka karanta su shekara da shekaru. Daga baya adabin kasuwar Kano ya kawo nasa, irin su Nazir Adam Salih da labaran ban tsoro, da Abdul'aziz Sani Madakin Gini da yaƙe-yaƙen sadaukai da matsafa. Yanzu kuwa a WhatsApp ake tura su, ko a saurara a YouTube bayan isha'i.

To, ina gizo ke saƙar? Abubuwa uku ne ake cusawa cikin buhu ɗaya, alhali hukuncinsu daban.

Aljani dai an san matsayinsa. Fatalwa kuwa, wato mamaci ya taso yana yawo da likkafani, ba ta da gurbi a aƙida, domin Suratul Muminun ta nuna akwai shamaki tsakanin matattu da duniya har ranar tashi. Haka tsoron kukan mujiya: hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore camfi da tsuntsaye, ya kore imanin Larabawan jahiliyya game da mujiya. Amma wani abin da ake ɗauka camfi ne yana da asali, kamar shigar da yara gida da almuru, wanda shi ma hadisi ne ya zo da shi. Matashin da ya yi Islamiyya yana iya rarrabe waɗannan in an tattauna da shi, kuma labarin fatalwa da ya karanta ya ji tsigar jikinsa ta tashi ba zai rushe masa imani ba, kamar yadda Dodo da Gizo na tatsuniya ba su rushe na kakanninsa ba. Mai tatsuniya ma da bakinta take sanar da yara cewa ƙarya ta shara.

Na ukun shi ne abin tsoro na gaske, wato maye. Aljani ba shi da gida a unguwa, fatalwa ba ta da dangi. Maye kuwa mutum ne mai suna, kuma sau da yawa tsohuwa ce matalauciya da ke zaune ita kaɗai. Idan littafi ya saba wa yarinya cewa duk zazzaɓi mai zafi kamun kurwa ne, duk kishiyar uwa tana da boka, ranar da ƙaninta ya fara sambatu saboda cizon sauro, wanda ba ya ƙaranci a bakin fadama, ba asibiti za ta fara tunawa ba. Za ta saurari sunan da zai fito daga bakinsa, a je a tasa baiwar Allah a gaba a ce sai ta tsallaka shi. An sha ganin inda irin wannan zargi ya kai ga duka, har da kisa. Kano ma ta ga yadda tsoro ke yaɗuwa tsakanin matasa a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan matan sakandare suka riƙa faɗuwa suna ihu, aka ce aljana Sumbuƙa ce.

Hana karatu ba zai magance wannan ba. An ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, ba a daina rubutawa ba, balle yanzu da littafin ke cikin waya. Abin da ya kamata a tambayi marubuci shi ne wa ya ɗora wa laifi a labarinsa, kuma wa ya ba nasara. In boka ne ke warware kowace matsala, an koya wa mai karatu hanyar da addini ya yi kakkausan gargaɗi a kanta. In jaruma ta ji tsoro, ta yi addu'a, sannan ta bincika ta gano gaskiyar abin da ke faruwa, an ba shi abin koyi ba tare da an rage masa daɗin labari ba.

Marubutan wannan yanki kuwa ba su rasa kayan aiki ba. Ga kogin da madatsar Tiga ta sauya wa hali tun 1974, ga ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa har kwalekwale ba ya ratsawa, ga ambaliyar 2022 da ta raba dubban mutane da gidajensu, ga masunta da sarkin ruwa da sirrin da suka gada. Ɗan masunci da ya shiga duhun kacalla da dare neman ƙaninsa ya ishi littafi guda, kuma babu buƙatar a ɗora ɓatan yaron a kan wata tsohuwa.